Malam Tie, Mai Sa Ɗigo Tafiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 11 ga Maris 2025, cikin watan azumi, 'yarka Xiaoyue ta buga mini waya ta ce Allah Ya yi maka rasuwa a gidanka da ke birnin Xi'an na ƙasar Sin. Ciwon zuciya ne, kana da shekara hamsin da takwas. Malam Tie Zhenbang, a ofis labarin ya same ni, har na waiwayi kujerarka zan tambaye ka ko gaskiya ne.

Shekara tara muka yi tare. Mu muna rubuta manhaja, kai kana rubuta bayanin yadda take aiki. Ka daɗe da gane cewa ba mai karanta littafi mai shafi ɗari uku. Sai ka ɗauki zanen Petri da muke tsara aiki da shi, 'yan da'irori da kibiyoyi, ka sa baƙaƙen ɗigo suna tafiya a ciki daga wannan da'ira zuwa waccan. Ko wanda bai san kwamfuta ba yana iya bin su da ido.

Ba zan manta da aikin asibitin nan ba, na kekunan da ke kai magani ɗakunan majinyata da kansu. Ni na rubuta sashen da ke raba musu lif, wato na'urar hawa bene. Saura kwana uku a fara amfani da su, ka nace sai an nuna wa ma'aikatan jinya zanenka mai motsi, inda kowane ɗigo ke matsayin keke ɗaya. Ana cikin kallo shugabarsu, Gong Lihua, ta ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Wannan ya tare lif yana jiran ƙofa, wancan ya tare ƙofa yana jiran lif. Wa zai kauce wa wani? Ko sai an tashi duniya?"

Aka yi dariya, ban da ni. Hanyar ɗakin masu jinya mai tsanani ce, kuma gaskiyarta. Manajanmu ya miƙe yana huci, yana tambayar wa ya rubuta wannan. Kafin in buɗe baki ka ce, "Ni na duba, ni na sa hannu. Da ni za ka yi."

Da muka fito ka kai ni shagon miyar tunkiya, ka zauna kana gutsuttsura mini burodi a kwano. Ka ce, "Ƙaramar Min, share hawayen nan, miyar da gishirinta. Ɗigo ne ya maƙale yau, ba mutum ba. Ci ki koma ki gyara."

Aka ɗage ranar farawa, na gyara cikin mako biyu. Ƙarin girman da ake shirin yi maka a shekarar kuwa, har da babban ofis, wani aka ba. Ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Ranar sadakar uku, muna raba soyayyen burodi ga maƙwabta, na ba matarka, Inna Suo Yulan, wannan labari. Sai ta ce, "Ni ce mini ya yi ba ya son babban ofishin, wai ba shi da taga."

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya rufa maka asiri a lahira, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Suo, Xiaoyue da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Min Cuiying