Tafkin da Muka Cire wa Gaɓa

Har gobe ba zan manta da ranar da muka goge gaɓar tafki saboda Baba Modu ba. Lokacin ina mataimakiyar bincike a sashen gashin ƙashi, muna gwada wani wasa da muka ƙera don masu shanyewar ɓarin jiki. Majiyyaci zai zauna gaban babban allo, a ɗaura masa 'yar na'ura a hannu. In ya ɗaga hannun ya ja, sai kwalekwalen da ke allon ya matsa. In ya kai gaɓa, a yi masa tafi, allo ya mutu, mu rubuta ya ci.

Baba Modu masunci ne daga garin Baga na bakin tafki, rikici ya dawo da shi unguwar Mairi wajen ɗansa. Hannunsa na dama ya saki, motsa jiki kuwa sai an yi da gaske yake yarda. Amma da ya ga ruwan nan sai ya fara tuƙi a hankali.

Sai dai bai taɓa kai gaɓa ba. Kullum yana dab da isa sai ya sauke hannu, ya bar kwalekwalen yana lilo. Dokta, shugabar bincikenmu, ta duba sakamako ta ce, "Hannun nan ba ya amsawa. Bisa ƙa'ida, wani za a ba gurbinsa." Raina ya ɓaci, don na san in ya koma gida ya zauna, hannun ya tafi ke nan.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, gajiya kake yi?"

"A'a, 'yata."

"To me ke tsayar da kai? Saura ƙiris ka ci!"

Ya ce, "Na ga wanda ya riga ni. Yana isa kuka kashe ruwan. Ni yaushe rabona da ruwa? Ki bar ni a ciki mana."

Da na gaya wa Dokta, sai ta sa injiniyanmu ya cire gaɓar da tafin duka. Aka bar ruwa zalla, da ciyayi, da tsuntsaye can nesa.

Washegari da hantsi Baba ya hau. Yana ja yana kiran sunayen tsibirai ƙasa-ƙasa, yana gaida mutanen da ba ma gani. Iskar fanka ma sai na ji kamar daga tafkin take tasowa, har na manta da aikina. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, allo ya yi baƙi. Na miƙe zan ba shi haƙuri, Dokta ta riƙe ni. Idonsa a rufe yake, yana ta tuƙi, hannun yana wuce kafaɗa.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, kafin ku rubuta mutum ya kasa, ku tambaye shi ina ya nufa.