Inna Ta Hana Kumandan Ruwanta

Jama'a, yau Inna ta ƙi bin umarnin kumandan, Baturen mulkin garin ga, kuma har ya cire mata hula!

Kun san ƙarfen da ya sa aka rataya a kasuwar Dogon Dutsi, wai in an buga gobara ce, kowa ya rugo da ruwa. To, yau ya ce a gwada. Dogarai suka cinna wa wata tsohuwar bukka wuta, aka buga ƙarfe. Maza suka kwarara nasu kaf. Inna da matan unguwarmu kuwa suka ja suka tsaya, tuluna bisa kai.

Tafintan kumandan ya ce, "Haba Inna, ku zuba mana!"

Ta ce, "Ɗana, ka taɓa jan guga a rijiyar garin ga? Ba ni zuba ma wasa."

Ba ta rufe baki ba iska ta kwashi tartsatsi, sai bisa jinkar rumbun tsimi, hatsin da gari duka ya ajiye saboda yunwa! Maza ba ko ɗigo!

Inna ta ce, "To, yanzu!"

Suka watsa. Ko zangarniya ɗaya ba ta ƙone ba!

Kumandan ya cire hula, ya ce a tambaye ta abin da take so.

Ta ce, "Shi tai rijiya shi ciko min tuluna."