Ƙusar da ke Shagon Baba

Babanmu firam ɗin hotuna yake yi. Shekara talatin da wani abu yana yanka gilashi yana haɗa katako a shago ɗaya, hannunsa duk tabon yanka. Duk sanda aka canza gwamnati sai masinjojin ofisoshi su cika masa shago, a cire hoton tsohon shugaba a zura na sabo a firam ɗin da aka zo da shi. Tsofaffin ba ya yar da su, durowa yake zuba su, wai ko ba komai 'ya'yan wasu ne.

In ana gardamar wane shugaba aka fi so, Baba ba ya sa baki sai an matsa masa. Sai ya ce shi gilashi yake dubawa. Hoton ofis ƙura ce ke cinye shi. Wanda ake so kuwa sauke shi ake yi a goge, a tashi gida da shi, har ya fashe a kawo gyara. Kuma mutum ɗaya ake yawan kawowa, wanda ake ce wa Siriri, da ya sauka tun ina goye.

Shi ne a rataye saman teburin Baba. Dalilinsa ɗaya ne, mun ji shi har mun haddace. Ranar da Inna ta kwanta asibiti da cikina, Baba ya ga mutumin zaune a benci da 'yarsa mai zazzaɓi, katinsa a hannu, yana jiran a kira shi. Aka zo za a shigar da shi, ya ce akwai mutum shida a gabansa. Baba ne na biyar.

Sai mai shagon da Baba yake haya ya shiga siyasa, ya fara ganin kansa wani abu. Ya zo ya ce manyansa na bin layin nan kuma ba sa son ganin Siriri, ko a sauke hoton ko a ba shi mabuɗinsa, mako ɗaya. Mutumin da Baba ya yi wa firam ɗin hoton aurensa fa.

Ni lokacin jinina na tafasa. Na ce, "Baba, wallahi kar ka sauke. Mu kwashe kaya mu ga tsiya." Kwana shida yana aiki kamar bai ji ba, ina ta murna a raina. Rana ta bakwai da hantsi ya hau kujera ya sauke shi, ya naɗe a jarida.

Abin da ya fito daga bakina har yau yana cina. Na ce, "Ashe kai ma son naka na baki ne."

Ya dube ni ya ce, "Uwata, shi da lokacinsa ya cika sauka ya yi, bai jefa kowa a wahala don kujera ba. Ni zan jefa ku takwas a yunwa don ƙusa ɗaya?"

Mai shago ya aiko da hoton nasa gwanin, sabo fil. Baba ya yi masa firam mai kyau ya mayar masa, ya ce ai saukewa aka ce, ba a ce ratayawa ba. Har ya rasu ba abin da ya sake hawa ƙusar nan. Ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri, ina cewa sai gobe.