Lallen Kaka a Gwangwani

Da aka shafa wa bangon gidanmu na unguwar Hindawiyya a Jidda jan fenti, alamar rusau ya iso kanmu, ni ba kujeru ne suka dame ni ba. Lallen da ke saman bene ne. Gwangwanayen mai ne jere, kowanne da 'yar bishiyarsa, duk kai ɗaya, ba wanda aka yi wa shaida. Ɗaya daga ciki kakarmu ce ta zo da irinsa daga Katsina, ƙulle a bakin zane. Sauran mahaifiyarmu ta sayo wajen wani Bayamale a kasuwar Balad. Su biyun duk sun rasu, barandar sabon gidan kuma gwangwani ɗaya za ta ɗauka.

Na murza ganye, na sunsuna, na ɗaga shi a rana kamar wata masaniya. Ina! Yayata tana naɗe labule tana yi mini dariya.

"Halas, ya isa haka, ke dai ɗauki ɗaya. Lalle ai lalle ne."

Haushi ya kama ni, don tsoro nake ji kada in bar na Kaka motar rusau ta bi ta kansa. Na ce to mu ƙunsa mu gani. Muka tsinki ganyen kowanne daban, muka daka, muka kwaɓa, kowane yatsa da nasa gwangwanin. Da muka wanke, wani ya yi ja jawur, wasu dama-dama, ɗaya kuwa ko kunya babu, rawaya-rawaya kamar an taɓa miyar kabewa. Ba mu ko yi shawara ba. Na gida ai shi ne mai kamawa. Muka sauko da jan nan muka ajiye bakin ƙofa.

Ana loda kaya sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo sallama da gidan da aka haife ta. Ta kama hannuna za mu gaisa, sai ta ƙi saki. Ta tsura wa yatsan nan mai rawaya ido.

"Wannan daga ina?"

Na ce, "Wani lalataccen ne, Gwaggo, mun bar shi a sama."

"Lalatacce a gidanku! Na Inna ne. Tunda ya sha ruwan Jidda bai ƙara kamawa ba. Kowace sallah sai ta ƙunsa shi, ta wanke, ta zage shi tas. In uwarku ta miƙo mata nata mai ja, ta ce a kai kasuwa."

Ta shafa yatsan da babban yatsanta, idonta ya cika.

"Da wannan launin a hannunta muka yi mata wanka."

Direba yana ta danna hon yana "yalla, yalla". Yayata, mai cewa lalle lalle ne, ta yar da labulen ta riga ni hawa benen, ko takalmi babu.