Takardar Lauya da Jirgin Baba

Ɗiyata ta fari lauya ce a Legas, kuma shari'ar jiragen ruwa take yi a kotun tarayya. Ni da na haife ta a Talata Mafara ban taɓa ganin teku ba, amma har gobe ina baza labarinta a majalisa. Ita ta gaya mini cewa a can har jirgi ake kamawa, a manna masa takarda, ya tsaya cik sai alƙali ya sallame shi.

Mu namu jirgin kwalekwale ne. Mahaifinmu ya bar shi, yayana ya gaje shi, da shi yake hayewa da masu zuwa fadama. Wata damina gulbi ya cika ya tsinke igiyar, ruwa ya yi gaba da shi. Yaya ya daina cin abincin kirki. Na tausaya masa ƙwarai, don abin da ya rage mana na Baba ke nan.

Bayan sati uku muka ji wani masunci a wajen Birnin Tudu ya tsamo shi, wai kuma ya hana kowa taɓawa. Ni dama ba a raba ni da saurin fushi. Na kira ɗiyata na ce ta rubuto takarda mai zafi. Ta ce, “Baba, a dokar jirgi ma wanda ya ceto yana da haƙƙi, ku fara zuwa da girmamawa.” Na ce ita dai ta rubuto. Ta turo 'yar takarda da Turanci, mai laushi fiye da yadda na so.

Ni da Yaya muka tafi, muka sami mutumin yana gyaran koma a gindin giginya. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba na zaro takardar na ambaci kotun tarayya. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa.

“Malam, in kotu ta san jirginku, ku tai ta ba ku. Ni ban san ku ba.”

Ya koma kan komarsa. Na ga na jawo mana asara da bakina. Yaya ya karɓe takardar ya cusa mini a aljihu, ya durƙusa ya sake gaisuwa tun daga farko: gida, iyali, ruwa, gajiya. Sai da mutumin ya sauko, sannan Yaya ya ce, “Ka yi haƙuri da ƙanena, boko ya yi mai yawa.”

Ashe 'yan ruwa suna da ƙa'idarsu. Wanda ya tsinci jirgi zai ɓoye shi, mai nema kuma sai ya faɗi wata alama da ba a gani daga waje tun kafin a nuna masa. Mutum biyu sun riga mu zuwa da ƙarya, shi ya sa ya tsare.

“Mi ag ga jirgin naka?” in ji dattijon.

Yaya ya ce, “Ƙarƙashin mazaunin baya akwai facin gwangwanin madara, ƙusa bakwai, guda ta lanƙwashe. Tsohonmu ya buga ta da hannun hagu, ranar kunama ta harbe shi a na dama.”

Dattijon ya miƙe ya ja mu cikin gonar dawa. Ga jirgin a kife a kan duwatsu, an rufe shi da zana. Muka birkice shi, ya ƙirga ƙusoshin da yatsa, ya yi dariya. Kunya ta ishe ni, don sai a lokacin na lura ya liƙe duk tsagar da ruwa ya yi da kwalta. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya sa aka kawo mana fura.

Mu uku muka tura jirgin cikin gulbi. Yaya ya shiga ya zauna, ya daɗe yana shafa ƙasan jirgin da tafin hannu. Can ya ɗago hannun ya nuna mini, a bushe, ya ce, “Shigo mu tai gida.”