Yatsan da Ya Hana Ni Wankan Jikata

Tusar jaki ta fito mini a babban yatsan hannun dama, dab da farce, na daɗe ina zaune da ita ban kula ba. Ƙurji ne mai kaushi, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Sai da ɗiyata ta fari ta zo goyon ciki gida, nan tsohon garin Agadez, sannan abin ya tsaya mini a rai.

A gidanmu uwar mai jego ce ke yi wa jariri wankan farko. Uwata ta wanke nawa, ni ma tun ranar da na ji labarin cikin nan na tanadi sabon kwano da sabulun salo. Ita kuwa ɗiyar tawa ta yi lakwal, karatun boko, komai sai ta bincika. Wata rana ina miƙa mata fura ta riƙe hannuna tana dubawa.

"Inna, abin ga yana yaɗuwa hwa. C'est contagieux. Hwatar jinjiri ba ta da ƙwari."

Ba ta ce kada in taɓa jaririn ba, amma na ji abin da ba ta faɗa ba. Raina ya ɓaci, na kasa zama wuri ɗaya.

Ciwo a fili, kowa likita ne. Maƙwabciyata ta ce nonon tumfafiya, safe da yamma. Na ɗiga har fatar gefen ta yi ja, tusar jakin ko gezau. Mai albasan da ke saukowa daga Tabelot ya rantse da albasa da gishirin Bilma, a ɗaure da tsumma. Na yi ta warin miya, kaji na bina, ita kuwa sai ƙara fari ta yi. Ƙanwar surukar ɗiyata, mace mai son a ce ita ta sani, ta ce a shaƙe ta da gashin wutsiyar doki har ta faɗi. Ina za a ɗaura gashi a abin da ba shi da wuya?

Na je gidan likita. Lokotoro, wato likitan, ya duba, ya ce hanya biyu ce. Akwai ruwan magani a farmasi mai cin ƙurjin kaɗan-kaɗan, ana shafawa kullum ana kankare mataccen, amma yana iya ɗaukar watanni. Akwai kuma ƙonawa da sanyi, da wani abu da ya kira azote, ta fi sauri, sai dai a lokacin ba su da shi, sai in na yi doguwar tafiya. Ya ƙara da cewa wasu ma da kansu suke ɓacewa in an ƙyale su.

"Lokotoro, wata guda ya rage mini. Ba ni da watanni."

"To Hajiya, ki yi haƙuri da ruwan. In haihuwa ta zo sai a liƙe wurin."

Wannan maganar ta ƙarshe ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Liƙi? Ni da hannuna tsirara nake son in wanke jikata, yadda aka wanke uwarta.

Na sayi ruwan, na shafa ƴan kwanaki. Kullum da safe in fito tsakar gida in kai yatsan ga haske, in juya shi, in ga kamar ya ragu, da la'asar in ga kamar ya ƙaru. Cikin ɗiyata kuwa sai sauka yake. Haƙurina ya ƙare, na aika a kira wanzaminmu. Ya ce sakiya, wato a soke ta da ƙarfe mai zafi, yau-yau an gama. Da yatsan da ruwan farmasi ya riga ya tausasa na miƙa masa. Ƙaurin naman jikina na fara ji kafin zafin.

Tusar jaki ta tafi, gaskiya ne. Ta bar rami, ramin ya ɗuri ruwa, hannu ya kumbura har wuyansa. Aka koma likita, aka wanke, aka naɗe, aka ce kada ruwa ya taɓa shi. Garin neman gira na rasa ido.

A haka haihuwa ta same ni. Mace aka samu. Da aka dawo gida aka ɗora ruwa, aka ɗauko sabon kwanon nan nawa, sai aka shiga kallon-kallo. Wa zai zauna? Ƙanwar surukar nan mai gashin doki ta gyara zani ta miƙe ƙafafu, aka ɗora mata jikata. Ni aka ba ni buta, ina zuba ruwa da hagu. Ɗiyata daga kan gado ta ce a hankali:

"Inna, da sparadrap kaɗai munka sa munka liƙe wurin, da ke kinka wanke ta."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba ruwa.

Bayan rauni ya warke, tusar jaki ta sake tsirowa a gefen tabon, kamar ba a yi komai ba. Na liƙe ta na bar ta, har ta gaji ta tafi don kanta. Yarinyar yanzu tana gudu, wannan yatsan take riƙewa in za mu kasuwa. Amma duk taron suna ko biki, matar nan mai gashin doki sai ta jawo ta jikinta ta ce wa mutane, "Wagga, ni na wanke ta." Ni kuma ina gefe, ba ni da bakin musu.