Gilashin da Baba Ya Dafa

Shekarar da idon Baba ya fara dushewa, a shekarar ya tashi haɗa madubin hangen taurari. Likita a Kazaure ya gaya masa ciwon ba ya komawa baya. Shi kuwa, tsohon malamin kimiyya, abu ɗaya ya ƙwallafa a rai: ya ga duwatsun da ke jikin wata kafin ganinsa ya ƙare.

Aikin yana son gilashi mai kauri, mai faɗin faifai, ba a kuwa sayar da irinsa a wajenmu. Sai ya riƙa tsinto ragowa wurin masu yankan gilashin taga, ya yanka su zagaye, ya jera kamar gurasa. Wata mai ginin tukwane a Roni ta gina masa tanderu, ya aro zugazugi a maƙera. Ni babbar 'yarsa ce, ni ke zuga.

Wayyo, kyan abin nan! In na leƙa ta 'yar kafa sai in ga gilashin ya yi jawur, yana kwantawa a hankali kamar zuma, har ya haɗe ya zama ɗaya. Nakan shagala in manta da hannuna. Da ya narke, Baba ya liƙe bakin tanderun da laka, ya ce kada iska ta shiga sai ya huce don kansa.

Da safe wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo ɗiban wuta da murfin kwano. A unguwarmu wa ke neman izinin wuta? Ta ɓamɓare lakar, ta kwashi garwashinta. Daga ɗaki na ji ƙas, gilashin ya tsage! Wallahi na fito zan yi rashin kunya, Baba ya riga ni.

"Gwaggo, ta ishe ki, ko a ƙaro?"

Damina ta shigo, ta jiƙa tanderun, ta rushe gefe guda. Sai bayan kaka muka sake dafawa.

Wannan karon ya fito lafiya, kore-kore, sumul, ba tsaga. Da la'asar na ɗora masa a hannu. Ya shafa, ya ɗaga zai duba shi da hasken rana, sai ya fuskanci gabas.

"Tas yake, ko?" ya tambaye ni.

Na kama kafaɗarsa na juyo shi yamma inda rana take, hawaye na zubo mini. Na ce, "Tas yake, Baba."